Leƙen salula: ɓarawon da ke kwana a ɗaki

Duk wanda ya zaga unguwar Birni ko ta Zango a Damagaram ya san cewa maginan dauri ba su buɗe ƙofar gida kai tsaye zuwa tsakar gida ba. Sai an bi ta zaure, a karkata, a yi sallama, a jira a amsa. Maigida kansa, in ya dawo daga kasuwa, yakan yi gyaran murya kafin ya ɗaga labule. Ginin nan darasi ne: kowane ɗan Adam yana da lungun da ba a faɗa masa sai da izni. Abin takaici, jikokin waɗannan magina ne a yau suke jiran barci ya kwashe abokin zama, su zare salula daga ƙarƙashin matashin kai, su shiga tonon saƙonni.

Salula ta shigo Nijar ne a farkon shekarun 2000, zamanin Celtel, wanda ya zama Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. A wancan lokaci iyakar abin da mai leƙe zai gani shi ne lambar da aka kira da gajeren saƙon rubutu. Da WhatsApp ya zo da saƙon murya, wanda bai taɓa shiga lakwal ba ma ya samu abin saurare. Tun 2015 kuma, minti ɗaya ya isa mutum ya haɗa WhatsApp ɗin wani da tasa na'urar, duk saƙon da ya shigo ya riƙa faɗowa a hannunsa, mai wayar bai sani ba. Akwai kuma manhajojin leƙen asiri da ake sayarwa da sunan kula da yara, masu kwashe hotuna da saƙonni, su kuma nuna inda mutum yake. Ba a rasa yaron da zai saka su in an ba shi ƴan jikkuna.

Masu wannan ɗabi'a suna da hujjarsu. Sukan ce zamani ya lalace, cin amana ya yi yawa, rigakafi kuwa ya fi magani. Gaskiya ne akwai masu cin amanar aure, maza da mata, kuma salula ta sauƙaƙa musu hanya. Amma zargi ba ya ƙoshi. In mai leƙe bai ga komai ba, sai ya ce an goge. In ya ga rabin magana, sai ya ƙarasa ta da abin da ke ransa. Saƙon da wan mace ya aiko daga Agadas, da sabuwar lambar da ba a ajiye ba, yana tambayar ko ta samu kuɗin, ya isa ya hana gida barci. Wanda ya leƙa yau zai leƙa gobe, domin abin da ke damunsa yana cikin ƙirjinsa, salula kuwa ba ta da maganinsa.

Sannan akwai waɗanda aka zalunta ba su ji ba, ba su gani ba. Salular mace rumbun amanar mutane ce. A ciki akwai muryar mahaifiyarta tana faɗin ciwon da take ɓoye wa surukai, akwai kukan ƙanwarta a kan aurenta, akwai lissafin adashen matan unguwa. Salular namiji ma tana ɗauke da bashin abokinsa da sirrin wurin aikinsa. Wa ya ba mai leƙe iznin jin waɗannan? Sadakin da aka biya bai haɗa da asirin dangi da maƙwabta ba.

A nan kuma dole a faɗa wa maza gaskiya. An saba cewa kishi kumallon mata, ana dariyar uwargidan da ke binciken wayar miji don gano ko amarya na tafe. Laifi ne, babu shakka. Sai dai in asirinta ya tonu, ita ce za ta sha faɗa ko ta tafi gida. Namiji kuwa yakan karɓi wayar matarsa da rana tsaka, ya tilasta mata faɗin lambar sirri, alhali tasa tana kife a aljihu, ko banɗaki da ita yake shiga. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sau da yawa mai tsananin zargi hoton kansa yake gani a fuskar matarsa.

Wasu sukan yafa wa abin rigar addini, su ce kishin iyali ne. Addinin kuwa ya riga ya yanke hukunci. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta yi hani ga yawan zato, ta yi hani ga binciken asirin mutane, kuma ba ta cire ma'aurata ba. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa da dare don neman kama su da laifi. Suratun Nur ta sa shaidu huɗu a kan tuhumar zina, ta kuma shimfiɗa li'ani ga mijin da ba shi da shaida. Duk wannan tsanani an yi shi ne don kare mutunci. Shi ya sa Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Dokar zamani ma ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, wadda ta shafi laifuffukan intanet a Nijar, ta haramta shiga na'urar wani da gangan ba da izni ba, da kuma tare saƙonninsa. A 2018 hukumomin Saudiyya sun yi gargaɗin cewa leƙen wayar miji ko mata na iya jawo ɗaurin shekara 1 da tarar riyal 500,000.

Damagaram ta fi kowa sanin abin da tsegumi yake haifarwa. A 1906 Turawan Faransa suka saurari masu kai rahoto a ɓoye, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodibuwa, suka damƙa gari a hannun Ballama. Sarauta ba ta dawo gidanta ba sai 1923. Mai mulkin da ya dogara da ƴan leƙen asiri ya riga ya shaida cewa babu aminci tsakaninsa da talakawansa. Haka yake ga maigida. Ranar da ya saka wa matarsa manhajar leƙe, ya sauka daga matsayin miji, ya zama kwamandan da ke tsaron ƙasar da ya ci da yaƙi.

Wanda zargi ya hana shi sukuni yana da hanyoyin da magabata suka bari. Ya zauna da abokin zamansa ya tambaya, ido da ido. In magana ta faskara, akwai waliyyai, akwai iyaye, akwai limamin unguwa, akwai alƙalin fada. In zama ya ƙi, rabuwa cikin mutunci halal ce. Ma'auratan da suka yarda da kansu su buɗe wa juna waya, wannan zaɓinsu ne, muddin yardar ta ɓangare biyu ce. Abin da ba shi da mazauni a addini, ko a doka, ko a al'ada, shi ne sanɗa cikin dare. Salula ma tana da zaurenta, mai son shiga ya yi sallama.