Kafin a Sayar da San Noma

'Yan'uwa manoma, akwai maganar da ba mu cika taɓawa a taron ƙungiya ba, wato ta tsofaffinmu masu gigin tsufa. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba maita ba. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irin da ya fi yawa tun 1906, har wa yau kuwa ba a sami maganin warkar da shi ba.

Sa'ad da ciwon ya yi nisa, Baba ba ya gane 'ya'yansa, ba ya iya tashi, daga bisani haɗiya ma ta gagare shi, yana ta ƙwarewa da kunu. A nan ne akan ce a kai shi babban asibiti a sa masa robar abinci ta hanci. Sai a sayar da san noma, ko a jinginar da gona, domin kada a ce 'ya'ya sun yi watsi da ubansu.

Ni dai na ce mu dakata tukuna. A 2014 ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta ba da shawara kada a sa wa mai wannan hali roba, gama ba a ga tana ƙara masa tsawon rai ba, ba ta kuma hana abinci zarcewa huhu. Sau da yawa tsohon yakan fizge ta, sai a ɗaure masa hannu. Hannun da ya shekara sittin yana riƙe da garma! Abin da likitocin suka fi so, matanmu sun iya shi tun dā: a zaunar da shi sosai, a ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali, sannu sannu. In ya kau da kai, a ƙyale shi sai an jima. Wannan ba kisa ba ne, ba wanda ya hana shi abinci.

Ban ce a ƙi asibiti ba. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, wataƙila zazzaɓi ne, a hanzarta kai shi. Wanda shanyewar jiki ta hana haɗiya, maganarsa dabam ce. In kuwa yana shan azaba, lalle a nemo magani.

Ku tambayi iyayenku abin da suke so tun hankalinsu yana nan, a gaban babban ɗa da pasto, har da matar da jinya za ta faɗa a kanta, gama ita ake mantawa. Gidan da ke jinya kuma, bari ƙungiya ta yi musu gayyar noman fari bana.