Sharhi: Fenti ba ya korar laima

A ranar 3 ga watan Satumba na 2024, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe sakamakon ruwan sama. Kwanaki kaɗan kafin nan ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi har da asarar rayuka. Hukumomi sun ƙidaya gidajen da suka faɗi. Waɗanda suka tsaya da jiƙaƙƙen bango kuwa ba su shiga lissafin kowa ba, alhali a cikinsu ne funfuna ke samun wurin zama.

Funfuna ma ba sai an yi ambaliya ba. Kwano mai yoyo, famfon da ke ɗiga cikin bango, wanki da aka shanya a ɗaki, ko katifar da ke kwance kan siminti tun farkon damina, kowanne ya ishe ta. Alamarta sananniya ce: baƙin tabo a kusurwa, fenti yana kumbura, tufafi suna warin rima. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zama a gida mai laima yana ƙara haɗarin tari, cututtukan numfashi da tashin asma. Yaro zai yi ta tari ana sayo masa magani, ba wanda ya duba bayan gadon da yake kwana.

Haɗarin ya fi muni a wajen abinci. Gyaɗa da masara da aka jibge a ƙasa mai danshi kan yi wata funfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda ke iya jawo kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Dafuwa ba ta kawar da ita. Ɗora buhu kan katako, nesa da bango, ya fi kowane magani araha.

Babban kuskuren yana wajen gini. Maginan da sun san ƙasa tana shan ruwa tana kuma fitar da shi, shi ya sa suke sabunta yaɓe kafin damina, suna haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa, suna kafa doguwar indararo da ke jefa ruwa nesa da gindin bango. Yau sai a lulluɓe bangon ƙasa da siminti don gida ya yi kama da na zamani. Da simintin ya tsage, ruwa ya shige bayansa, ba shi da mafita. Waje sumul, ciki yana narkewa. Ga kuma gidajen da titi ya fi su tudu, ruwan unguwa duka yana taruwa a harsashinsu.

Nan ne maganar ta shafi ƴan ƙasa mazauna waje. Mutum zai yi shekaru yana aiko kuɗi daga Abijan, Legas ko Faransa, a sa tayil, a sa gilashi, a kulle gidan har ya dawo. Ɗakin da ya yi wata uku a rufe cikin damina ya zama rumbun funfuna. Kuɗin tayil na ɗaki guda zai iya gyara indararo, ya ɗaga dokin ƙofa, ya fasa taga ta biyu da iska za ta ratsa. A bar mabuɗi hannun ɗan'uwan da zai riƙa buɗe tagogi idan rana ta fito, ya kuma aiko hoton kusurwoyi da rufi, ba hoton ƙofar gida kawai ba.

Masu gidajen haya su ma suna da nasu alhakin. Shafa fenti kan baƙin tabo kafin shigowar sabon ɗan haya yaudara ce, domin tabon zai dawo muddin yoyon yana nan. Matashin da ke neman ɗaki a Yamai ko Tawa yana da haƙƙin ya taɓa gindin bango, ya ɗaga kai ya dubi silin, kafin ya biya kuɗin watanni.

Idan ruwa ya riga ya shiga, kwana ɗaya zuwa biyu ne ake da su a fitar da katifa, darduma da tufafi rana kafin funfuna ta kama. A goge bango da sabulu ko ruwan javel da aka surka, tagogi a buɗe, kuma kada a haɗa javel da wani sinadarin wanki, don hayaƙinsa guba ne. Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, da ke ceton mutane a zafin Afrilu, a kashe ta a Agusta.

Ma'aikatun magajin gari kuma su yashe magudanai kafin ruwan farko. Gyaran rufi da yaɓe aikin rani ne, tun daga Nuwamba, lokacin da bango ya bushe kuma magina ke samuwa.