Ba kowace "jita" ce jita ba

Jama'a, suna yana ruɗi. Abin kiɗan da Turawan Ingila suka yi yayi tun wajen 1750, suna ce masa jita, a gaskiya ɗan gidan sitan ne. Dubi jikinsa: zagayayye kamar ludayi, babu ƙugu, tsirkiyarsa ta waya guda 10. Haka jitar Fotugal ta waƙoƙin fado take, mai waya 12. Ita kuwa jitar Sifaniya, wadda Antonio de Torres ya daidaita fasalinta a ƙarni na 19, tana da ƙugu, a da tsirkiyarta ta hanji ce. Kama da wane ba ta wane.

Ina ruwanmu? Da ruwanmu mana! A aji nakan ji yara suna ce wa garaya da molo da gurmi "jitar Hausawa", alhali kowanne da ƙirarsa, da makaɗansa, da wurin da ake kaɗa shi. In sunan ya ɓace, tarihin ma sai ya bi shi.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai: mu koya wa yara duban jiki da ƙirga tsirkiya kafin su raɗa wa abu suna.