ZAUREN ZANGO: Allon Karatu Na Zamani, A Gwada Kafin A Biya

 

Abin da ya jawo zancen yau, wani malami ne maƙwabcina wanda ɗansa ya aiko masa da na'urar karanta littattafai daga Amurka. Yaron ya yi haka ne da kyakkyawar niyya, domin kuwa duk damina sai ruwa ya shiga ɗakin malam ya jiƙa masa littattafai. Aka zuba masa Risala da Iziyya da Tafsirin Jalalaini a ciki, malam ya sa tabarau ya duba, sai ya ga rubutun kamar sawun tururuwa. Yau na'urar tana cikin akwati, kuɗi sun tafi.

Ita dai wannan na'ura ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Kamfanin Amazon ya fitar da Kindle a shekarar 2007, a 2010 kuma ƙungiyar Worldreader ta fara raba wa 'yan makaranta irinta a nan Ghana. Amfaninta a fili yake. Fuskarta kamar takarda take, ana karatu da ita ko a tsakiyar rana, kuma caji ɗaya yana kai mutum makonni. Wanda ya sha duhun dumsor a 2015 ya san darajar wannan.

To, ina gizo yake saƙar? Littattafan da ake zubawa iri biyu ne. Akwai wanda ake kira EPUB, shi rubutunsa kamar ruwa yake, yana bin girman mazubi. Ka ƙara girman baƙi, layuka su gyara kansu. Akwai kuma PDF, wanda shafinsa a kafe yake. Yawancin littattafan malamanmu da ke yawo a WhatsApp hotunan tsofaffin bugu ne aka mayar PDF, ga matani a tsakiya, ga sharhi a gefe. Haka rubutun ajami, irin na Alhaji Umaru na Kete Krachi wanda ya rasu a 1934, da ma takardun fili da na makaranta.

A yi lissafi a gani. Takardar ofis, wato A4, daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɗan haura inci 14. Ƙaramar na'ura kuwa inci 6 ce. Ke nan ko rabin girman shafin ba ta kai ba, dole wasali da ɗigo su tsuke.

Saboda haka shawarata ita ce, mutum ya fara tambayar kansa, me nake karantawa? Idan littattafan hira ne da na Turanci, ƙaramar Kindle ko Kobo mai inci 6 ko 7 ta wadatar. Idan kuwa littattafan Larabci ne da ajami da takardun aiki, to a nemi mai inci 10, irin su Kindle Scribe da ta fito a 2022, ko Kobo Elipsa, ko Boox mai aiki da Android. Sun fi tsada ƙwarai. Wanda aljihunsa bai kai ba, gara ya sayi tablet mai faɗi ya haƙura da cajin kullum, da ya sayi abin da zai ƙare a akwati.

Mai niyyar sayen ta hannu a Circle, ga abubuwa uku. Na farko, ka tafi da littafin da ka fi karantawa a wayarka, a zuba shi a na'urar, ka karanta shafi guda a gaban mai kaya. Na biyu, ka buɗe rubutun Hausa ka ga ko ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa daidai, ko kuwa wasu 'yan akwatuna ne suke tsayawa a gurbinsu. Na uku, ka tabbata an cire rajistar mai ita na farko, domin Kindle da aka kai rahoton an sace ta ba za ta karɓi sabuwar rajista ba.

Su kuma 'ya'yanmu da ke New York da Hamburg, Allah ya yi muku albarka, amma kafin ku aiko, ku tambayi Baba irin littafin da yake karantawa. Ai sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abu na ƙarshe, kada wanda ya zubar da littattafansa na takarda don ya sami na'ura. Ita ma tana faɗuwa ta fashe. A ajiye kwafin komai a wani wuri daban, a kuma ɗaga na takardar sama kafin ruwan Yuni ya sauka.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.