Bindiga ba ta san wasa ba

Ranar 21 ga Oktoba 2021, a jihar New Mexico ta Amurka, ana aikin wani fim mai suna Rust. An miƙa wa jarumi Alec Baldwin bindiga, aka ce babu harsashin gaske a cikinta. Ana cikin gwaji sai ta tashi. Harsashin ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ƴar shekara 42, ya kuma raunata darakta Joel Souza a kafaɗa. A 2024 kotu ta yanke wa mai kula da makaman fim ɗin, Hannah Gutierrez-Reed, ɗaurin wata 18.

A ƙa'ida, harsashin fim iri biyu ne. Akwai na gani kawai, wanda babu albarushi a cikinsa. Akwai kuma mai albarushi amma babu dalma, don ƙara da hayaƙi. Na gaske ba shi da hurumin shiga wurin ko kaɗan. Ko mai ƙarar ma yana kisa. A 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya rasu wajen ɗaukar fim ɗin The Crow, saboda wata dalma da ta maƙale a bututun bindigar, albarushin wasa ya turo ta.

Ni malami ne, aikina horar da malaman gobe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bindigar Rust ta bi ta hannu fiye da ɗaya, kowa ya dogara da cewa wani ya duba. Haka sakaci yake kisa. Kullum ina gaya wa ɗalibaina cewa "an ce an duba" daban yake da "na duba da idona".

Wani zai ce ina ruwanmu da Holiwud. Ruwanmu yana nan. Yaranmu suna kallon harbe-harbe a salula, suna ganin wanda aka harbe yau ya fito a wani fim gobe, sai su ɗauka bindiga abin wasa ce. A wasu gidajen kuma akwai bindigar farauta a jingine a ɗaki.

Don haka ina roƙon abokan aikina: idan za a yi wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara, a sassaƙa bindigar icce. Kada a aro ta maharbi, ko da ya rantse babu komai cikinta. Iyaye kuma, ku kulle bindiga, ku ajiye harsashi a wani wuri dabam. Ku koya wa yaro cewa kowace bindiga a ɗure take, ba a nuna mutum da ita ko da wasa, kuma in ya tsinci wata kada ya taɓa, ya kira babba. Rigakafi ya fi magani.