Darasin da tabar Kyuba ke koya wa 'yan kasuwarmu

Jama'a, akwai wasu attajirai a Turai da ƙasar Sin waɗanda ke sayen taba ba don su sha nan take ba, sai don su ajiye ta kamar yadda matanmu ke tara kwalla da tasoshi a ɗaki. Tabar kuwa ita ce ta tsibirin Kyuba, wadda ake naɗawa da hannu, ganye cikin ganye, babu takarda. Kafin mai karatu ya ce wannan aikin marasa abin yi ne, bari mu duba yadda aka yi ganye ya zama dukiya, domin akwai abin da ya shafe mu a Agye da Gazawa da Gidan Rumji.

Mafi darajar ganyen a yankin Vuelta Abajo ake noma shi, cikin lardin Pinar del Río. Kamfanin Habanos, wanda aka kafa a 1994, shi ke sayar da tabar a duniya. A shekara ta 2000 ya fara fitar da wasu nau'o'i 'yan kaɗan sau ɗaya a shekara, da ganyen da ya yi aƙalla shekara 2 a ajiye. A 2005 kuma ya ɓullo da wata dabara: a naɗa wa ƙasa guda tata tabar, a manna sunan ƙasar a jiki, a sa wa akwatunan lamba. Italiya da Suwizalan ne suka fara samu. Da zarar kayan sun ƙare, wanda ya ajiye nasa da kyau shi ke yanka farashi. Kowane akwati yana ɗauke da hatimin gwamnati, masu tarawa kuma suna adana shi inda danshi ya kai wajen kashi 70 cikin 100 don kada ganyen ya bushe. A 2024 cinikin kamfanin ya haura dalar Amurka miliyan 800.

To, ashe mu ma ba baƙin wannan harka ba ne. A 1853 Bature matafiyi Heinrich Barth ya sayi taba a Katsina, ya kuma rubuta cewa har a Tumbutu ana darajanta ta. Fadamun Gulbin Maraɗi, wanda ya ratsa ta Tibiri da Gidan Rumji, sun daɗe da sanin noman taba, kakanninmu mata kuwa da furenta da goro suke rina haƙora. Tabarmu ta yi suna, amma ba mu taɓa rubuta sunan a jikin kaya ba.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Taba ta bambanta da garin gero. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum sama da miliyan 7 kowace shekara, Nijar kuma ta kafa dokar yaƙi da ita tun 2006. Ba mu kira kowa ya ƙara gonar taba ba. Dabarar Kyubawa muke so a ɗauka a ɗora kan abin da ke ciyar da mu.

Mu ɗauki aya. Jahar Maraɗi ce cibiyar nomanta a ƙasar nan, musamman Agye da Gazawa da Caduwa. Ana loda ta zuwa Najeriya, wata ma har Sifaniya take kaiwa, inda ake yin kunun aya da ita. Mutanen Balansiya sun yi wa tasu ayar rajista da sunan yankinsu, tamu kuwa cikin buhun da ba suna take fita. Haka aka yi da fatar jar akuyarmu, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take biyowa. Wahala tamu, suna na wani.

Laifin ba na baƙi kaɗai ba ne. Mun san mai barin tsakuwa da ƙasa cikin aya don buhu ya yi nauyi, mun san mai cakuɗa ta bara da ta bana, mun san mai tiya biyu, ɗaya ta saye ɗaya ta sayarwa. Wanda aka cuta sau ɗaya ba zai sake yarda da kayan garin ba, mai gaskiya da maƙetaci duka su yi asara. Ga kuma sayarwa da kaka a farashin banza saboda rashin ma'aji da matsin bashi.

Hanya a buɗe take, tunda albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu rajistar sunansu a hukumar OAPI. Muna kira ga sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin mata masu asusu su haɗa kai: a rairaye aya, a ware manya da ƙanana, a tsaida awo guda, a rubuta gari da shekarar girbi a kowane buhu, wanda ya yi algus a hana shi amfani da sunan. Magadan gari su taimaka da ma'aji mai kyau domin manomi ya iya jira har farashi ya tashi.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Idan ganyen da ke cutarwa ya yi tsada saboda an tsare sunansa, me zai hana ayar da ke gina jiki? Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.