Kududdufan Kano: Wa Zai Biya, Wa Zai Gada?

Duk wanda ya san Birnin Kano ya san kududdufi. Daga cikinsa magabata suka haƙi ƙasar da suka gina gidaje da soraye da ganuwa, ramin da aka bari kuwa ya zama matattarar ruwan damina, yana tare wa unguwa ambaliya. Yau da yawa daga cikin ramukan nan sun koma juji. Shara da mataccen batir da baƙin man makanikai da ruwan kwata duk can suke ƙarewa. A Bompai da Sharaɗa da Challawa kuma abin ya fi haka muni, domin masana'antun jima suna aiki da sinadarin kuromiyam, ruwan da ake saki daga Bompai kuwa ya daɗe yana bin rafin Getsi zuwa Jakara. Da ruwan Jakara ɗin nan manoman rani suke shayar da latas da alayyafon da ake kaiwa kasuwa.

Ƙasar da ta sha irin wannan dafi ba ta warkewa don an share bayanta. Dalma da kuromiyam ba sa ruɓewa kamar kashin awaki. Suna nan a ƙasa shekara da shekaru, yaro ya yi wasa a kai ya sa hannu a baki. Aikin gyaran kuwa ya fi ƙarfin aikin gayya, ko da samarin unguwa sun fito da shebur da baro kowace Asabar. Sai an auna ƙasar, an kwashe wadda ta gurɓace, an binne ta inda ba za ta tarar da ruwan rijiya ba, sa'an nan a zubo sabuwa. Wannan aikin kuɗi ne, kuɗin kuma na gwamnati ne. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, wanda aka ba amanar abu kuwa shi ake tambaya in abin ya lalace. Ba kuma za a ce babu aljihun da za a ciro ba, tun da an kafa Asusun Kula da Muhalli tun 1981, jihohi kuma suna da kasonsu a ciki.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa darasi, ko da yake a ƙauye ya faru. A 2010 aka gano gubar dalma daga haƙar zinariya, yara wajen 400 suka rasu. An tsabtace ƙauyuka da dama, amma Bagega ta zauna jiran kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari a 2012, ba a sake su ba sai a farkon 2013. A tsawon wannan jira likitoci ba su iya fara wa yaran garin magani ba, domin babu amfanin fitar da guba daga jinin yaro in zai koma ya kwana cikin gidan da ya sa masa ita. Da kuɗin suka fito, cikin watanni aka kwashe ƙasar, aka fara magani. Watau dabarar tana nan, ma'aikatan suna nan. Sa hannu kawai aka yi ta jira.

To, a nan ne fa wuyar take. A ce an fid da kuɗin an gyara fili a tsakiyar Kano, na wa zai zama? Mutanen birni sun san yadda kududdufi yake ɓacewa: a yi ta zuba masa shara har ya cika, a bi da jar ƙasa, wata safiya a ga an yanka filaye an ɗora kantuna. Wannan binne dauɗa ne, ba tsabtacewa ba, kuma ruwan da ramin yake sha a da sai ya nemi hanya cikin ɗakunan talakawa. In za a kashe dukiyar jama'a a gyara fili don mai hali ya samu takardar mallaka, lalle an yi kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Saboda haka ya kamata kowace naira da za a fitar ta zo da sharaɗi a rubuce. Kafin tifa ta farko ta shiga, a tara mai unguwa da liman da iyayen yara su faɗi abin da suke bukata a wurin, makarantar firamare ce, ko asibitin sha-ka-tafi, ko filin ƙwallo, a kuma rubuta filin da sunan unguwar. Ramin da yake tare ambaliya a yashe shi a kewaye, kada a cike. Sakamakon awon ƙasa, na kafin aiki da na bayansa, a manna shi da Hausa a ƙofar gidan mai unguwa. Inda kuwa aka san masana'antar da ta ɓata wuri, gwamnati ta fara gyara da kuɗinta don kada yara su jira shari'a, daga baya ta bi mai laifin bashi har kotu.